Kwikwiyar da aka so ta cika ido kafin lokacinta: nazarin girman wata Labrador ta gasa a Ingila

Tushen lamarin

Labrador karen mafarauta ne tun asali, amma ba na kamu ba. Maharbi ne zai harbo agwagwa ko wani tsuntsu, shi kuma ya faɗa ruwa ko ya kutsa ciyawa ya ɗauko ya kawo, ba tare da ya tauna ba. Kakanninsa karnukan masunta ne na tsibirin Newfoundland da ke Kanada a yau, manyan masu filaye na Birtaniya suka shigo da su a ƙarni na 19 suka gyara irin. Ƙungiyar Kennel Club, wadda aka kafa a 1873 don rajistar karnuka da tsara gasanninsu, ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 1903.

Da tafiya ta yi tafiya irin ya rabu gida biyu. Na aikin farauta ya fi sirantaka da dogayen ƙafafu. Na gasa kuwa mai faɗin kai ne, mai kaurin ƙashi da cikar ƙirji, wutsiyarsa mai kauri daga gindi. Gasar ba tsere ba ce, ba kuma faɗa ba. Jera karnukan ake yi a fili, alƙali ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa jiki tun daga kai har wutsiya, ya sa a zagaya da kowanne ya ga tafiyarsa, sannan ya auna abin da ya gani da rubutaccen bayanin siffar irin. A bayanin Birtaniya, tsayin da ake so ga mace daga ƙasa zuwa doron kafaɗa santimita 55 zuwa 56 ne, namiji 56 zuwa 57. Ba a ambaci nauyi da kilo ba, sai dai an yi gargaɗin cewa cikar haƙarƙari kada ta zama ta ƙiba. Na Amurka ne ya faɗi nauyi: mace mai aiki ta kasance tsakanin kilo 25 zuwa 32 ko kusa da haka.

Wadda lamarin ya shafa wata mata ce da ta yi ritaya daga aikin jinya, tana zaune da mijinta a wani ƙauye a arewacin Ingila. Ta taɓa riƙe karnuka na gida, amma ba ta taɓa shiga gasa ba. Ta sayi baƙar kwikwiya mace daga wata dattijuwa da ta daɗe tana hayayyafa Labrador na gasa, da niyyar ta samu gurbin zuwa Crufts, babbar gasar da ake yi a Birmingham duk watan Maris, wadda aka fara tun 1891. Ba a shiga Crufts haka kawai. Sai kare ya samu matsayi a wata babbar gasa tukuna. Ba a kuma shigar da kwikwiyo gasa sai ya cika wata 6. Wannan iyaka ta wata 6 ita ce ta zauna wa matar a rai tun ranar farko.

Ƙarshen Mayu zuwa Yuni: mako 8 zuwa 12

An haifi kwikwiyar a farkon Afrilu, cikin 'ya'ya bakwai. Ranar da aka ɗauko ta tana da mako 8, nauyinta kilo 4.6. 'Yan'uwanta mata biyu suna da kilo 5.7 da 6.1. Uwarsu tana da tsayin santimita 55, wato a ƙasan ma'auni take, uban kuma 57.

Likitan dabbobi ya duba ta a zuwan rigakafi bai ga komai ba: ci lafiya, kashi lafiya, an ba ta maganin tsutsa a kan lokaci. Ya ce ƙarama ce kawai. Mai irin, wato dattijuwar da ta sayar da ita, ta sallame ta da buhun busasshen abincin 'yan kwikwiyo da takardar yawan abin da za a riƙa ba ta sau huɗu a rana. A mako 12 ta kai kilo 8.3.

A wannan lokacin ne mai irin ta turo hoton 'yar'uwar da ta riƙe wa kanta, tsaye a kan ciyawa, ƙafafu kamar turame. Matar ta dubi tata ta ga kamar ba ciki ɗaya suka fito ba.

Yuli zuwa Satumba: wata 3 zuwa 6

Ta fara kai kwikwiyar wajen koyon tsayuwa da tafiyar gasa da ake yi da yamma a wani ɗakin taro na ƙauye. A can kowa malami ne. Wani ya ce tana buƙatar “ƙarin jiki”. Wata ta ce ita nonon akuya take ba nata. Wani tsoho ya rantse da ɗanyen tumbin saniya, wani kuma ya ce in ana son ƙashi sai da ƙwayar kalsiyam. Matar ba ta zaɓi ɗaya ba, duka ta haɗa.

Zuwa wata 4, abin da kwikwiyar ke ci a rana shi ne: kofi huɗu na busasshen abinci maimakon uku da aka rubuta a buhu, kofi guda na nonon akuya da safe, ƙwai ɗaya, ɗan tumbi da daddare, da ƙwayar kalsiyam ɗaya. Ban da cuku da ake yankawa ƙanana don lallashinta ta tsaya ƙyam a wajen horo. Duk abin da aka zuba sai ta share cikin ƙasa da minti ɗaya, ta lashe kwanon har ya riƙa tafiya a kan daɓe, ta ɗago kai tana kallon hannu. Matar ta ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa da ma yunwa ce ta hana ta girma.

Awon da ta rubuta a littafinta:

Wata 4: kilo 13.6, tsayi santimita 41.
Wata 5: kilo 19.0, tsayi 45.
Wata 6: kilo 24.1, tsayi 48.

Tsayin da littafi take aunawa: ta jingina karyar da bango, ta ɗora mata littafi a doron kafaɗa, ta yi alama da fensir. Nauyin kuwa a ma'aunin banɗaki, ta hau riƙe da ita, sannan ta hau ita kaɗai ta debe. A wata 6 ta riga ta wuce 'yar'uwar tata da fiye da kilo 3 a nauyi. A tsayi tana bayanta da santimita ɗaya da rabi, kusan yadda tazarar take tun farko.

Oktoba: gasar farko

Ta shiga ajin ƙananan 'yan kwikwiyo, na masu wata 6 zuwa 9, a wata ƙaramar gasa. Cikin mata tara ta zo ta biyu. Alƙalin ya yaba kanta da gashinta da cikar jikinta, ya ce ta nuna girma fiye da watanninta. Mai irin ta yi murna, mutanen ɗakin horo kowa na cewa tasa shawarar ce ta yi aiki.

Abin da alƙalin ya gani ba baƙon abu ba ne a wannan fage. A 2015 masu bincike a Jami'ar Liverpool sun duba hotunan karnukan da suka samu matsayi a Crufts a shekaru da dama, suka tarar kusan kashi 26 cikin 100 sun wuce ƙima a nauyi, a cikin Labrador kuwa abin ya haura kashi 60. Idon da ya saba ganin irin waɗannan a layin masu nasara, in aka kawo masa kwikwiya mai jiki daidai zai ce ba ta gama haɗuwa ba.

Bayan wannan gasa matar ta ƙara rabin kofi.

Nuwamba: ɗingishi

Tana da wata 7 da 'yan kwanaki, wata safiya ta taso tana ɗaga ƙafar gaba ta dama. Aka hutar da ita kwana uku, ta warware. Mako ɗaya bayan haka ɗingishin ya dawo, amma a ƙafar hagu. Ta rage wasa, ta riƙa kwanciya a tsakiyar yawo.

A asibiti ma'auni ya nuna kilo 26.6, tsayi santimita 50. Likitar da ta duba ta, wata matashiya, ba ta fara da ƙafar ba. Ta kama hannun matar ta ɗora a gefen ƙirjin karyar ta ce ta ƙirga haƙarƙari. Matar ta shafa ba ta ji komai ba sai laushi. Sai da ta danna yatsu sosai kafin ta taɓa ƙashi. Daga sama kuma, in aka tsaya a kanta aka duba, babu ƙugu, tun daga kafaɗa har kwatangwalo faɗin ɗaya ne. Akwai ma'aunin ƙiba mai maki 9 da likitocin dabbobi ke amfani da shi, inda 4 da 5 suke daidai, kowane maki a sama da haka kuma yana nufin kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin da ya wuce. Likitar ta ba ta 7.

Da ta matsa tsakiyar dogon ƙashin ƙafar gaba, karyar ta yi ƙara. An yi mata allurar barci aka ɗauki hoton kafaɗu da gwiwoyin gaba, domin abin tsoro a Labrador mai waɗannan watanni shi ne lalacewar guringuntsin gaɓa, wadda kan kai ga tiyata. Gaɓoɓin sun fito lafiya. Abin da hoton ya nuna shi ne farin hazo-hazo a cikin ɓargon ƙashi, alamar wani ciwo da ke kama dogayen ƙasusuwan manyan karnuka masu tasowa, yana tsallakawa daga wannan ƙafa zuwa waccan, yana kuma wucewa da kansa idan girma ya kammala. Aka ba ta maganin rage zafi na kwana goma, aka ce a rage yawo.

Kalsiyam ɗin kuwa aka ce a daina a ranar. Likitar ta yi wa matar bayani: hanjin ƙaramin kwikwiyo bai iya tace yawan kalsiyam ɗin da zai shiga jini yadda na babban kare ke yi, abin da yake zuƙa yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan da aka ba shi. Ƙasusuwan kuwa daga guringuntsin da ke ƙarshensu suke tsawo, kuma yawan kalsiyam yana dagula yadda guringuntsin ke rikiɗewa ya zama ƙashi. Tun a shekarun 1980 aka nuna haka a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, a gwaji kan 'yan kwikwiyon Great Dane, wani irin kare mai girman gaske. Abincin buhu da aka haɗa don manyan 'yan kwikwiyo ya riga ya ƙunshi abin da ake buƙata.

Disamba: gyaran farko bai ci ba

Umarnin shi ne a koma abincin buhu zalla, kofi uku a rana, a dawo bayan mako huɗu. Matar, da abin ya tsorata ta, ta wuce gona da iri: ta yanke zuwa kofi biyu, ta hana komai.

Gidan ya rikice. Karyar ta fara kuka tun ƙarfe biyar na asuba, ta koyi buɗe kwandon shara, ta sace burodi guda daga kan tebur da ledarsa, a wajen yawo tana cin duk ƙazantar da ta tarar. Mijin, wanda bai halarci bayanin likita ba, ya kasa jure kallon da take yi masa, yana miƙa mata gefen burodi da man shanu ta ƙarƙashin tebur. Ga lokacin Kirsimeti, jikoki sun cika gida, kowane yaro da biskit a hannu.

A farkon Janairu ma'auni ya nuna kilo 27.5. An ƙaru da kusan kilo guda. Ɗingishin ma ya leƙo sau ɗaya, a ƙafar baya.

Ma'aikaciyar jinyar asibitin ta ce a kawo kofin da ake awo da shi. Ta sa matar ta ɗebo “kofi ɗaya” sau biyar, tana zubawa a kan sikelin kicin. Mafi ƙanƙanta ya ba da giram 96, mafi yawa 131. Da aka sa mijin ya ɗebo a gida, nasa ya fi haka tozo. Ashe kofi biyun da ake ta kuka a kansu wata rana kusan uku ne, wata rana kuwa bai kai abin da mai tasowa ke buƙata ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima; a nan dai bai sani ba.

Janairu zuwa Afrilu: wata 9 zuwa 12

Sabon tsarin bai nemi karyar ta rame ba. Tunda tana kan girma, manufar ita ce nauyin ya tsaya wuri ɗaya, tsayi da tsoka su zo su tarar da shi.

Kowace safiya ana auna giram 290 na abincin manyan 'yan kwikwiyo a sikeli, a zuba a gwangwani guda mai murfi. Duk abin da zai shiga bakinta a ranar daga gwangwanin nan zai fito, har ladan horo, har abin da mijin zai ba ta in tausayi ya kama shi. In ya ƙare, ya ƙare. Aka raba shi sau uku maimakon biyu, ana jiƙa shi da ruwa ya kumbura, ana ƙara ɗanyen karas ko dafaffen koren wake don cika ciki. Na rana ba a kwano ake ba ta ba, watsa shi ake yi a ciyawar bayan gida ta bi da hanci tana tsinta, abin da ke ɗaukar ta minti goma sha biyar maimakon daƙiƙa arba'in. Kukan asuba ya ragu cikin mako biyu. Kwandon shara dai sai da aka sa masa sakata.

Duk mako biyu ana kai ta asibiti a auna ta a ma'auni ɗaya, a ɗiga awon a jadawalin girman 'yan kwikwiyo irin wanda cibiyar binciken abincin dabbobi ta Waltham ta fitar a 2017, mai layuka kamar na katin awon jarirai. Matar, da ta yi shekaru tana cika irin wannan kati, ta ɗiga tsoffin awonta na bara a kai ta ga yadda layin ya tashi daga ƙasa ya tsallake layuka da dama tsakanin Yuli da Oktoba. A jariri, da ita da kanta za ta kira uwar ta yi mata tambayoyi.

A Fabrairu aka aika yawun karyar gwajin ƙwayoyin gado. A 2016 wata tawaga a Jami'ar Cambridge, ƙarƙashin Eleanor Raffan, ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Labrador suna ɗauke da wani giɓi a ƙwayar gadon da ake kira POMC, wadda ke cikin abubuwan da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Kowane kwafi na giɓin, wato wanda aka gada daga uwa ko daga uba, yana tafiya da ƙarin kusan kilo 2. A 2024 tawagar ta ƙara nuna cewa irin waɗannan karnuka sun fi saurin jin yunwa tsakanin abinci da abinci, kuma masu kwafi biyu suna ƙona ƙarfin jiki ƙasa da saura idan suna hutawa. Sakamakon ya nuna kwafi ɗaya. Bai sauya komai a tsarin abincin ba, amma ya sauya mijin: da ya fahimci cewa kallon nan ba zai ƙare ba ko buhu aka juye mata, sai ya daina.

Ba a shiga gasa ko ɗaya ba a waɗannan watanni, Crufts ta wannan Maris ta wuce ba da su ba. Mai irin ba ta ji daɗi ba, ta ce ana ɓata lokacin ajin 'yan kwikwiyo, wanda ba ya dawowa.

Wata 10: kilo 26.9, tsayi 52.5, maki 6.
Wata 11: kilo 26.3, tsayi 53.5. A wannan watan ta fara jinin neman barbara na farko, ya ɗauki kusan mako uku.
Wata 12: kilo 26.0, tsayi 54, maki 5.

Tun Janairu ɗingishi bai sake dawowa ba.

Wata 14 zuwa shekara 2

A Yuni aka ɗauki hoton kwatangwalo da gwiwoyin gaba aka aika wa kwamitin ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya, wanda ba ya karɓar hoton kare sai ya cika shekara ɗaya. Kowane ɓangaren kwatangwalo ana ba shi maki daga 0 zuwa 53, ƙasa ya fi kyau. Gwiwa kuma daga 0 zuwa 3. Ta samu 5 da 6 a kwatangwalo, 0 a gwiwoyi biyu.

Tsayinta ya tsaya a santimita 54.5 tun wata 15. Aka mayar da ita abincin manya. Abin da ya ci gaba da sauyawa shi ne faɗi: ƙirjin ya sauka ya cika, wuya da cinyoyi suka yi tsoka, musamman da aka fara kai ta iyo. Tana cika shekara 2 tana da kilo 28.3, har yanzu a maki 5. 'Yar'uwarta ta wajen mai irin ta tsaya a 55.5.

A fagen gasa sakamakon ya zo a gauraye. A ajin matasa, sau biyu ba ta samu komai ba, wani alƙali ma ya rubuta cewa tana buƙatar ƙarin jiki. Wata alƙaliya mai riƙe da karnukan farauta ta ba ta ta ɗaya, ta yaba tafiyarta. Tana da wata 21 ta samu matsayin da ya ba ta gurbin Crufts.

Hukunci

Damuwar da aka fara da ita, wato tsayi, abinci bai taɓa ta ba. Tazarar da ke tsakaninta da 'yar'uwarta santimita ɗaya da rabi ce a wata 6, lokacin da ake ɗura mata komai, ta kuma ƙare a santimita ɗaya bayan an koma awo da sikeli. Uwa mai 55 ta haifi 'ya mai 54.5. Ƙarin abinci ga lafiyayyen kwikwiyo yana hanzarta girma ne ya tara kitse, ba ya ɗaga inda ƙashi zai tsaya. Ragon da aka turke don layya a wata uku yake cika ido, domin ba a nemi ƙafafunsa su ɗauke shi shekara goma ba. Wannan dabbar kuwa ana so ta yi gudu da tsalle har tsufa.

Ciwon ƙashin na Nuwamba ba za a ɗora shi kacokan a kan abinci ba, domin yana kama 'yan kwikwiyon da aka ciyar daidai ma. Amma ɗora wa ƙafafun da ba su gama ƙwari ba ƙarin kilo huɗu ko biyar caca ce, kuma kyawun hoton gaɓoɓinta sa'a ce ta gado, ba shaidar cewa hanyar ba ta da haɗari ba. A binciken da kamfanin abincin dabbobi na Purina ya yi na shekara 14 kan Labrador 48, an rage wa rabinsu kashi 25 cikin 100 na abinci tun suna mako 8. A shekara 2, bakwai cikin 24 na waɗanda aka rage wa ne suka nuna matsalar kwatangwalo, a ɗaya rukunin kuwa 16. Tsaka-tsakin rayuwar waɗanda aka rage wa shekara 13 ne, na sauran 11.2.

Gyaran Disamba ya faɗi ne saboda an yi shi da ido da kofi, an kuma bar mutum ɗaya a gidan bai san dalili ba. Na Janairu ya yi aiki don ya mayar da lamarin abin da ake iya ƙirgawa, gwangwani ɗaya ga kowa, ya kuma nema wa yunwar karyar mafita maimakon a yi ta faɗa da ita.

Laifin da ya fi wuyar gyarawa na fagen ne. Matar ba ta yi wauta ba: ta ƙara abinci, alƙali ya ba ta ta biyu, duk wanda ta sani a harkar ya tafa mata. Muddin ajin masu wata 6 zuwa 9 yana fifita wadda ta yi kama da babba, sabon shiga zai ci gaba da yin abin da ta yi, kuma asarar watannin gasa da mai irin ta yi ƙorafi a kai asara ce ta gaske ga mai neman suna a wannan harka. Har yanzu su biyun ba su daidaita ba: mai irin na ganin kilo biyu a kai zai ƙara mata kyau. Maganar da ke gabansu yanzu ta barbara ce, kuma matar ta ce sai an gwada namijin tukuna, tunda ko shi ba ya ɗauke da giɓin, kowane ɗa da za ta haifa yana da rabin yiwuwar gadonsa daga wajenta.